Tsarki a Bakin Murhu

Ranar Lahadi da safe majami'a takan cika. Mata zumunta sun ɗaura zane iri ɗaya, matasa suna kiɗa, dattawa sun zauna a gaba da Littafi Mai Tsarki a cinya. A wannan sa'a ba mai shakkar Allah yana wurin. Mai kaifin harshe yakan kame bakinsa, mai fushi da ɗan'uwa yakan miƙa masa hannu ko da zuciya ba ta so. Amma da an yi addu'ar sallama, sai mutane da yawa su tashi su bar Allah a kan benci, kamar yadda mutum yakan mance hularsa. Ranar Litinin ga dattijon nan a rumfarsa ta hatsi da tiya biyu, babba ta saye, ƙarama ta sayarwa. Ga matar da ta ba da waƙa jiya tana zagin 'yar riƙonta kamar ba ɗiyar mutane ba. Idan aka tambaye su za su ce su masu bi ne, ba ƙarya suka yi ba kuwa, gama sun tuba, an yi musu baftisma, suna ba da zakka. Abin da ya same su shi ne sun raba ransu gida biyu, sun ba Allah ɗaki ɗaya, sun riƙe sauran gidan.

Mako yana da sa'a 168. Sujadar Lahadi, ko ta yi tsawo, da wuya ta wuce sa'a 3. Tambayar da ke gaban kowane mai bi ita ce, sauran sa'a 165 ɗin na wane ne? Shin yana yiwuwa mutum mai gona da iyali da bashi ya zauna a gaban Allah dukan yini? Ko kuwa tsarki rabon fasto ne da mai bishara, waɗanda aikinsu ke nan, talaka kuwa sai dai ya yi abin da ya samu, ya zo Lahadi a wanke shi? Mutane da yawa sun riga sun amsa a zuci cewa ba ya yiwuwa, shi ya sa ba su ma gwadawa. Labarin wani kuku da ya rayu shekara ɗari uku da suka wuce yana ba da wata amsa dabam.

Kuku na Birnin Paris

An haifi Nikolas Herman wajen shekara ta 1614 a wani ƙauye mai suna Herimenil a yankin Loren, wanda yake gabashin Faransa a yau. Iyayensa talakawa ne, bai yi karatu mai zurfi ba. Zamaninsa zamanin yaƙi ne, wanda ake kira Yaƙin Shekara Talatin, daga 1618 zuwa 1648, yaƙin da ya bar ƙauyukan ƙasarsu kufai, ga yunwa, ga annoba. Yana ɗan shekara 18, wata rana da hunturu, ya tsaya yana duban wani itace da ya zubar da ganyensa kaf, kamar yadda kuka takan tsaya tsirara da rani. Sai ya tuna ba da daɗewa ba itacen nan zai toho, ya yi fure, ya yi 'ya'ya, ba da dabarar kowa ba. Daga nan ikon Allah da kulawarsa suka shiga zuciyarsa, ya ce kuma ba su taɓa fita ba. Ya yi soja, aka yi masa rauni a 1635, ya koma gida da ciwon ƙafa wanda ya bar shi da ɗingishi har mutuwarsa. Bayan haka ya yi barantaka a gidan wani babban ma'aji, inda shi da kansa ya shaida ba ya da dabarar hannu, abin da ya taɓa sai ya fasa.

A 1640 ya shiga gidan masu zuhudu na ƙungiyar Karmel a birnin Paris, watau mazan ikilisiyar Katolika da suka bar aure da dukiya domin su ba da kansu ga addu'a. Bai zama firist ba, yana cikin 'yan'uwa masu aikin hannu. A can aka ba shi sunan da duniya ta san shi da shi, Ɗan'uwa Loran, masu jin Ingilishi kuwa suna ce da shi Lawrence. Kada a ɗauka ya shiga ya tarar da salama tana jiransa a bakin ƙofa. Shekara goma na farko sun yi masa ɗaci ƙwarai. Zunubansa na dā suna tsaye a gabansa, har ya yi shekara huɗu yana gani shi hallakakke ne, ba ceto a gare shi. Abin da ya fisshe shi shi ne ya daina auna kansa, ya ƙudurta zai yi kome saboda ƙaunar Allah, ya bar wa Allah maganar abin da zai same shi.

Aikin da aka ba shi girki ne, aikin da halinsa ba ya so ko kaɗan. Shekara 15 ya yi a madafa, yana hura wuta, yana feraye, yana wanke tukwane, mutane suna kiransa ta ko'ina a lokaci ɗaya. Da ƙafar ta matsa masa, aka mai da shi wurin gyaran takalma. Wani lokaci kuma aka aike shi lardin Burgundi sayo ruwan inabi na gidan, shi da bai iya ciniki ba, ga gurguntaka, har a cikin jirgin ruwa ba ya iya tafiya sai ya mirgina bisa gangunan. Duk da haka mutane suka fara lura da wata natsuwa a fuskarsa. Manyan malamai da masu sarauta suka riƙa zuwa neman shawara wurin mai gyaran takalma. Wani firist mai suna Yusufu na Bofor ya yi ta ziyartarsa a 1666 da 1667, yana rubuta abin da ya ji. Bayan mutuwar Loran aka tara zantuttukan nan da wasiƙunsa, suka zama ɗan ƙaramin littafi wanda ma'anar sunansa ita ce sabawa da zama a gaban Allah. Ikilisiyoyi iri iri suna karanta shi har wa yau, Katolika da waɗanda ba Katolika ba.

Hanyarsa ba ta da wuyar faɗi. Kafin ya soma aiki yakan roƙi Allah taimako. Yana cikin aiki yana ɗan zance da Ubangiji a zuci, kalma biyu ko uku, kamar yadda ake yi da abokin tafiya. Da ya gama sai ya duba yadda ya yi. In ya yi daidai ya gode, in ya yi kuskure ya faɗa wa Allah a fili, ya roƙi gafara, ya koma bakin aiki ba tare da ya zauna yana cizon yatsa ba. Da ya saba, sai ya iske lokacin soya ƙwai da lokacin durƙuso duk ɗaya ne a wurinsa.

Allah ba Baƙo ba Ne

Kafin a yi zancen zama a gaban Allah, ya kamata a gyara wani kuskure. Akan ji masu bi suna addu'a suna roƙon Allah ya sauko, kamar wanda yake nesa sai an aika masa. Littafi Mai Tsarki bai koyar da haka ba. Zabura ta 139 ta nuna ba wurin da mutum zai gudu ya ɓuya wa Allah, ko sama, ko kabari, ko ƙarshen teku, duhu ma a wurinsa kamar rana yake. Irmiya 23 ya ce shi ne ya cika sama da ƙasa. Ashe Allah yana rumfar hatsi ranar Litinin kamar yadda yake majami'a ranar Lahadi. Abin da ya ragu ranar Litinin sanin mutum ne. Yakubu ya kwana a jeji yana gudun ɗan'uwansa da ya cuta, ya yi matashi da dutse. Da ya farka daga mafarkinsa sai tsoro ya kama shi, gama ya gane Ubangiji yana wurin tun daren jiya, shi ne bai sani ba. Yawancin masu bi haka suke kwana suke tashi a Betel, ba su sani ba.

Sai dai sanin Allah yana gani iri biyu ne. Direban da ya yi lodi fiye da ƙa'ida ya san akwai jandarma a shingen gaba. Yakan rage gudu, ya gyara hula, ya shirya takardu da murmushi. Da ya wuce shinge sai ya taka mota yadda ya ga dama. Wannan sanin ba ya haifar da tsarki, wayo yake haifarwa. Shi ne sanin Adamu sa'ad da ya ɓuya cikin itatuwan gona. Shi ne na Gehazi baran Elisha, wanda ya bi Na'aman a guje ya karɓi azurfa da riguna da ƙarya, ya ɓoye su a gida, ya zo ya tsaya gaban maigidansa ya ce bai je ko'ina ba. Mutumin da yake ganin Allah kamar jandarma, duk tunaninsa yana kan inda shinge ya ƙare.

Sani na biyu shi ne na Yusufu a gidan Fotifar. Yaro ne bawa a ƙasar da ba wanda ya san ubansa, ba majami'a, ba fasto, ranar kuma ba kowa a cikin gida. Da ya yarda da matar maigidansa, ba mai ji. Amma ya ga abin cin amanar mutumin da ya amince da shi ne, zunubi ne kuma ga Allah, ya bar rigarsa ya gudu. Farawa 39 ta maimaita har sau huɗu cewa Ubangiji yana tare da Yusufu, a gidan Fotifar da a kurkuku. Yusufu bai ƙi zunubi domin tsoron kamu ba, gama ƙin ne ma ya kai shi kurkuku. Ya ƙi ne domin akwai wanda yake tare da shi, wanda ba ya so ya ɓata wa rai.

Mai bin Almasihu yana da dalilin da ya fi na Yusufu. A zamanin Tsohon Alkawari, babban firist kaɗai yake shiga Wuri Mafi Tsarki, sau ɗaya a shekara, da jini a hannu. Sa'ad da Yesu ya mutu a kan gicciye, labulen Haikali ya tsage daga sama har ƙasa. Tun daga ranar nan mai bi yana shiga gaban Allah kamar yadda ɗa yake shiga zauren ubansa, ba sai an yi masa iso ba. Ruhu Mai Tsarki kuma yana zaune a cikinsa. Wanda Ruhun Allah yake zaune a cikinsa, ina zai ajiye shi ranar Litinin?

Mene ne Tsarki?

A maganar yau da kullum, in an ce tsarki, hankali yakan tafi wajen ruwa da wanke jiki. A Littafi Mai Tsarki tushen kalmar keɓewa ne. Kowace mace ta san ƙwaryar nono ba a zuba mata miya. Ƙwarya ce kamar sauran, daga duma ɗaya aka fafe su, amma an keɓe ta domin abu guda. Haka mai bi yake. Yana cin tuwon da kowa yake ci, yana noma a gona kusa da ta maƙwabcinsa, amma shi na wani ne.

Waɗansu sun mai da tsarki ɗan jerin hani: ba ya shan giya, ba ya shan taba, ba ya zuwa gidan rawa, matarsa ba ta fita ba ɗankwali. Waɗannan suna da wurinsu, amma mutum yana iya kiyaye su duka ya kasance mugu. Wanda yake so ya ga abin da Allah yake nufi da tsarki, sai ya buɗe Littafin Firistoci sura 19. Surar ta fara da umarni ga dukan taron Isra'ila, ba ga firistoci kaɗai ba, su zama tsarkaka domin Allahnsu mai tsarki ne. Mai karatu zai zaci abin da zai biyo baya zancen hadaya ne da azumi. Akwai hadaya kaɗan, amma yawancin surar tana gona da kasuwa da ƙofar gida. Manomi kada ya girbe gonarsa har gefe, kada ya koma kala, ya bar wa matalauci da baƙo. Wanda ya sa ɗan ƙodago aiki kada ya kwana da hakkinsa. Kada a zagi kurma don ba ya ji, kada a sa wa makaho abin tuntuɓe don ba ya gani. Mai shari'a kada ya duba fuskar mai kuɗi. Kada a yi yawon tsegumi, kada a yi riƙo a zuci. A tashi tsaye saboda mai furfura. Ma'auni da mudu su zama na gaskiya. A tsakiyar surar ne aka ba da umarnin ƙaunar maƙwabci, wanda Yesu ya ce shi ne na biyu a girma.

Abin lura shi ne yawancin laifofin nan na ɓoye ne. Kurma ba zai kai ƙara ba, makaho ba zai nuna wanda ya sa masa dutse ba, mai sayen gero bai san an buga gindin tiya ba. Shi ya sa bayan kusan kowane umarni Allah yake tuna musu cewa shi ne Ubangiji. Shi ne mai gani a madadin makaho, mai ji a madadin kurma. A nan zama a gaban Allah da tsarki suka haɗu suka zama abu ɗaya. Tsarkin mutum shi ne abin da yake yi a inda ba shaida sai Allah.

Wanne ne Farko?

Masu bi da yawa sun juya al'amarin. Suna cewa bari su gyara halinsu tukuna, su daina fushi, su biya bashi, sa'an nan su kusato Allah da fuska a sake. Wannan kamar mai ciwo ne da ya ce sai ya warke zai je wurin likita. Shekaru suna wucewa, hali bai gyaru ba, kunya kuma tana ƙara nisanta shi.

Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Wanda ya yi tafiya tare da mai ɗauke da kanwa bai shafa kome a kansa ba, bai ma san lokacin da kan ya yi fari ba. Akan faɗi karin maganar domin gargaɗi a kan mugun aboki, amma gaskiyarta tana aiki ta kowane gefe. Mutum yakan ɗauki halin wanda yake zama da shi. Sa'ad da Allah ya bayyana ga Ibrahim yana da shekara 99, ya fara kiransa ya yi tafiya a gabansa, sa'an nan ya ambaci zama marar aibu. Zakka mai karɓar haraji a Yariko bai mayar da kuɗin mutane ba tukuna sa'ad da Yesu ya kira shi daga kan itace. Yesu ya shiga gidansa yana azzalumi, har jama'a suka yi gunaguni. Sai da baƙon ya zauna a gidan, Zakka ya miƙe da kansa ya ce zai ba matalauta rabin dukiyarsa, wanda ya cuta kuma zai mayar masa ninki huɗu. Ba wanda ya yi masa wa'azi a kan kuɗi. Zama da Yesu ne ya sa kuɗin haram suka yi masa nauyi a aljihu.

Wannan yana tsare mai bi daga kuskure biyu. Na farko shi ne zaton ayyukansa za su saya masa ceto. Ceto kyauta ne ta wurin alheri, kuku na Paris ma bai sami hutawa ba sai da ya daina ƙidaya ayyukansa. Na biyu shi ne zaton tun da alheri ne, ba sauran ƙoƙari. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa sura 12 ta umarci masu bi su nace da neman tsarki, ta kuma yi kashedi cewa in ba tare da shi ba, ba mai ganin Ubangiji. Akwai ƙoƙari, amma babban ƙoƙarin shi ne na reshe da Yesu ya kwatanta a Yahaya 15, watau ya zauna a jikin kuringa. Reshen da ya zauna zai yi 'ya'ya a kan kari.

Abin da Masu Shakka Suke Cewa

Wani zai ce hankali ɗaya ne, ba ya rabuwa. Tela da yake yanka yadin mutane, in ya ce zai riƙa tunanin sama, ai ɓarna zai yi. Amsar tana tsakar kowane gida. Mace mai goyo tana daka, tana tankaɗe, tana hira da maƙwabciya ta kan danga. Ba ta duban jaririn, ba ta ma ambatonsa, amma ba ta taɓa mance yana bayanta ba. Yadda take sunkuyawa, yadda take kusatar wuta, yadda take ratsa ƙofa, duka sun sāke saboda shi. In ya motsa ta ɗan jijjiga shi, ta ce masa kalma ɗaya, ta ci gaba da aiki. Zama a gaban Allah haka yake. Tela zai sa ido a kan almakashi, amma sanin wanda yake tare da shi zai hana shi ɓoye ragowar yadi, ya hana shi alkawarin Juma'a alhali ya san sai wani mako.

Wani kuma zai ce Loran ba shi da mata, ba 'ya'ya, ba kuɗin makaranta, ba haraji, ƙararrawa ce take kiransa addu'a. Gaskiya ne, kuma ba daidai ba ne a raina nauyin mai iyali. Amma Farawa sura 5 ta ce Anuhu ya yi tafiya tare da Allah shekara 300 bayan ya haifi Metusela, a cikin shekarun nan kuwa yana haifar 'ya'ya mata da maza. Ubangiji Yesu kansa ya kai wajen shekara 30 kafin ya fara wa'azi, mutanen Nazarat kuma sun san shi da sassaƙa. Bulus yana ɗinkin alfarwa a Koranti. A zamanin kusa ma akwai Frank Laubach, ɗan mishan daga Amurka, mai mata da ɗa. A 1930, yana zaune a bakin tafkin Lanao a ƙasar Filifin, ya ƙudurta zai riƙa tuna Allah ko da sakan ɗaya ne a kowane minti. Ya shaida sau da yawa yakan kāsa. Amma a lokacin nan ne ya shirya hanyar koya wa manya karatu, wadda duk wanda ya iya zai koya wa wani, hanyar da ta bazu ƙasashe masu yawa. Tunawa da Allah ba ta mai da shi malalaci ba.

Akwai kuma mai cewa ya gwada, ya yi kwana uku, ranar ta huɗu ya zagi matarsa, ya ga abin ba nasa ba ne. A nan ne darasin kuku ya fi amfani. Yaro mai koyon tafiya in ya fāɗi ba ya komawa rarrafe har abada. Girman kai ne yake sa mutum ya yi mamakin faɗuwarsa. Mai tawali'u ya san abin da zai iya ke nan in an bar shi shi kaɗai, sai ya hurta zunubinsa nan take, bisa ga alkawarin 1 Yahaya sura 1, ya je ya ba matar haƙuri, ya koma inda ya tsaya. Sannu ba ta hana zuwa.

Ya kamata kuma a yi kashedi. Zama a gaban Allah ba ya ɗauke wa mutum sujada tare da 'yan'uwa, ko karatun Maganar Allah, ko lokacin addu'a na musamman. Loran bai bar ko ɗaya daga cikinsu ba. Wanda ya ce shi da Allah suna hira kullum, saboda haka ba ya bukatar ikilisiya, ba da daɗewa ba zai fara jin muryar kansa yana ce da ita muryar Allah. Ba kuwa jin daɗi a zuci ne ma'auni ba. Akwai ranakun da zuciya take bushewa kamar fako, Allah kuwa yana nan yadda yake.

Abin da Zai Ci

Ba gaskiya ba ne a ce hanyar nan ba ta da tsada. Dattijon da ya jefar da ƙaramar tiya, ribarsa za ta ragu, abokan kasuwa kuma za su yi masa dariya. Ma'aikacin da ya ƙi karɓar na goro zai ga na ƙasa da shi sun gina gida kafin shi. Wanda ya ci bashi ya yi shiru shekara biyar zai ɗauki ƙafa ya je da kunya ya biya. Matar da ta saba horon 'yar riƙo da yunwa za ta zuba mata a kwano ɗaya da 'ya'yanta. Mai bi ya san wannan tun da wuri, shi ya sa yakan fi son Allah na ranar Lahadi, gama wannan ba ya shiga rumfa.

Amma abin da ake asara in an ƙi ya fi yawa. A garuruwan da masu bi suke 'yan kaɗan, yawancin maƙwabta ba za su taɓa shiga majami'a ba, ba za su buɗe Linjila ba. Abin da za su karanta shi ne tiyar Kirista da alkawarinsa da yadda yake riƙon iyalinsa. In tiyar ta gaskiya ce, za su ce akwai wani abu a wurin mutumin nan. In ta ƙarya ce, wa'azin shekara goma ba zai gyara ba. Gini kuma ba abin dogara ba ne. A watan Janairu na 2015 aka ƙone majami'u masu yawa a Damagaram da Yamai cikin kwana biyu. Waɗansu masu bi a gidajen maƙwabtansu Musulmi suka sami mafaka. Ikilisiyoyi suka taru suka yi sujada a cikin toka da ƙarƙashin rumfuna, shugabanninsu kuma suka yi shelar gafara. Wanda ya ajiye Allahnsa a cikin gini, ran nan ba shi da inda zai same shi. Waɗanda suka saba zama da shi a gida da gona suka iske ba abin da wuta ta taɓa a cikin abin da suke da shi.

Ɗan'uwa Loran ya rasu ran 12 ga Fabrairu 1691, yana da shekara wajen 77. Bai kafa ikilisiya ba, bai yi wa taro wa'azi ba, bai bar kome ba sai 'yan wasiƙu da shaidar waɗanda suka ci girkinsa suka sa takalman da ya gyara. Abin da ya yi, kowane mai bi yana iya somawa gobe da asuba. Manomi in ya saɓa hauya, mace in ta durƙusa hura wuta, ɗan makaranta in ya buɗe littafi, sai ya tuna a zuci cewa Ubangiji yana nan, ya miƙa masa aikin, ya roƙi taimako. In ya mance, ya sāke tunawa. In ya fāɗi, ya tashi. Kukar da ta tsaya tsirara dukan rani ba ta san ranar da za ta toho ba, amma wanda ya dasa ta ya sani, shi ne kuma ya yi alkawari a Filibiyawa sura 1 cewa aikin kirki da ya fara a cikin masu bi zai kai shi ga kammala. Ubangiji ya ba jama'arsa alherin zama a gabansa kowace rana. Amin.